Yadda na gano abin da ya riƙe waifar motata

Waifar motata ba rana ɗaya ta tsaya ba, a hankali ta riƙa ja da baya. Tun ƙarshen daminar bara, in na sa ta a gudun farko sai ta hau gilashi da ƙyar, ta ɗan dakata a sama, sannan ta gangaro. Gudu na biyu kuma ya dawo daidai da yadda na farko yake a da. Da ruwa ya ɗauke a Oktoba sai maganar ta kwanta, domin a Kano ba mai neman waifa daga kaka har ƙarshen bazara. Motar ta sha ƙurar hunturu, ta sha ranar Maris da Afrilu. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi bana ina kan titin Zariya, wajen Na'ibawa. Na murɗa makunni, hannayen biyu suka taso kamar kamu ɗaya daga ƙasa, suka ƙame a nan. Daga ƙasan gilashi ina jin wani ɗan gurnani, alamar injin waifar yana ƙoƙari amma abin ya fi ƙarfinsa.

Na mayar da makunnin, gurnanin bai daina ba. Wannan abu ne da ya kamata duk direba ya sani. An ƙera waifa ta yadda ko ka kashe ta a tsakiyar gilashi, wuta za ta ci gaba da shiga injinta har sai hannayen sun sauka sun kwanta a mazauninsu. To idan sun maƙale a hanya, wutar ba za ta yanke ba ke nan, kuma injin da aka ba wuta aka hana shi juyawa yana zuƙar wuta ninkin-ba-ninkin abin da ya saba. Wayoyin cikinsa su yi zafi, in an yi sa'a fis ya tsinke, in ba a yi ba ya ƙone. Sai na gangara gefen titi, na kashe motar gaba ɗaya, na jira ruwa ya tsagaita, na zare fis ɗin waifa na sa a aljihu, sannan na lallaɓa zuwa gida.

Motar tsohuwa ce, ƙirar Japan, irin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano. Ina yawan bin hanyar Kano zuwa Zariya, kuma duk wanda ya taɓa bin bayan tirela tsakanin Kwanar Ɗangora da Tashar Yari ana ruwa ya san waifa ba kwalliya ba ce. Taya ɗaya ta watso maka jan ruwan laka, cikin ƙiftawar ido ka daina ganin komai alhali kana gudu. Ga Agusta yana tafe, watan marka, lokacin da sai a wuni ana yi. Don haka washegari na biya wurin wani rewaya. Ya mayar da fis, ya kunna, ya kasa kunne, ya ce, "Alhaji, injin ne ya gaji. A sayo wani a Ƙofar Ruwa, yanzu a ɗaura maka." Na ce masa ta yaya ya tabbatar ba wani abu ne ya riƙe shi ba. Ya ce haka suke yi in sun tsufa. Ba ƙarya ya yi ba, injin waifa yana mutuwa. Amma gurnanin nan ya tsaya mini a rai. Abin da ke gurnani ai da ransa. Na yi masa godiya na ce zan dawo, na bari sai Asabar in duba da hannuna.

Kafin mutum ya kama sifana, yana da kyau ya san abin da ke ɓoye a ƙarƙashin baƙin murfin robar nan mai raga da ke tsakanin bonet da gilashi. Inji ɗaya ne tak ke tuƙa hannayen biyu. Ƙaramin inji ne mai aiki da bolt 12, a bakinsa akwai ƙarfe mai zare da ke juya wani faifan roba mai haƙora. Wannan haɗin shi ke rage gudu ya ƙara ƙarfi. A tsakiyar faifan akwai ɗan gajeren hannu na ƙarfe da ke zagayawa, daga shi sanduna suka tashi, su ne ke mayar da zagayen ya koma kai-da-kawo. Kowace sanda ta ƙare a gindin wani shaf, wato guntun ƙarfe mai juyawa, shaf ɗin kuma ya ratsa ta cikin gidansa mai bushin, wato zoben da yake juyawa a ciki, ya leƙo waje, a kansa ake ɗaure hannun waifa da noti. A gaɓoɓin sandunan akwai ƙwallon ƙarfe da ke zaune cikin kofin roba. A cikin injin kuma akwai kabon guda uku, su ne ke isar da wuta ga ɓangaren da ke juyawa: ɗaya na kowa da kowa, ɗaya na gudun farko, ɗaya na gudu na biyu. A jikin faifan nan mai haƙora akwai zanen tagulla, shi ne ke riƙe wuta har hannaye su kwanta.

Wanda ya gane wannan, waifa da kanta za ta faɗa masa inda ke mata ciwo. Idan ka kunna ka ji tsit, ko motsi babu, to zancen wuta ne: fis, ko rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa da kanta, ko makunnin da ke jikin sitiyari, ko wayar da ke haɗa injin da jikin mota. Idan kana jin injin yana gudu lafiya amma hannaye ba sa motsi, sanda ce ta fita daga kofinta. Idan hannu ɗaya na aiki ɗaya na kwance, yawanci notinsa ne ya saki, shaf yana juyawa a banza a cikin ramin hannun. Idan gudu ɗaya ya mutu ɗaya na aiki, a duba kabon ɗinsa ko makunni. Idan tana tsayawa duk inda ka kashe ta, zanen tagullar nan ne ya yi datti ko ya cinye. Amma idan duka gudun biyu suka riƙa raguwa tare, wata da watanni, har aka kai ga gurnani, to ɗayan biyu ne: ko wutar da ke isa ba ta kai ba, ko wani abu yana cije. Nawa ya faɗo a wannan rukunin.

Na fara da fis, tunda shi ne mafi sauƙi. A murfin akwatin fis akwai zanen da ke nuna na wace aba ce kowane. Nawa na amfiya 25 ne, kuma bai tsinke ba, sai dai robarsa ta ɗan sauya launi saboda zafi. Waɗannan ƙananan fis ɗin masu ƙafa biyu launinsu ke faɗar ƙarfinsu: ja na 10, shuɗi na 15, rawaya na 20, fari garai-garai na 25, kore na 30. Ina roƙon duk mai mota kada ya yarda a cire masa na 25 a sa na 30 don wai yana yawan tsinkewa, balle a naɗa masa zaren waya ko takardar sigari mai ƙyalli a madadinsa. Ana yin haka a garejinmu fiye da yadda ake zato. Fis da ke yawan tsinkewa aikinsa yake yi, yana gaya maka akwai abin da ke jan wuta fiye da kima. In ka toshe masa baki, zafin zai koma kan wayoyin da ke bayan dashbod, kuma nan ne ake samun gobara.

Daga nan na ɗaga hannayen biyu daga kan gilashi don in cire musu nauyin gogayya, na tayar da mota, na kunna na ɗan lokaci kaɗan. Da a ce injin ne ya yi rauni, ko robar ce ke kama gilashi, da sun ɗan samu sauƙi sun motsa. Ba su motsa ba, sai ɗan karkarwa. Na kashe. Na ɗauko mita na auna batir: mota a kashe ya nuna bolt 12.5, tana aiki ya haura 14. Lafiyayyen batir da lafiyayyar caja ke nan, domin cikakken batir yana zama wajen 12.6, in injin mota na gudu kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Sauran awon sai an buɗe murfi a kai ga soket ɗin injin.

Cire hannaye shi ne matakin da mutane ke fasa gilashi. Tunda nawa sun maƙale a hanya, ba zan iya yin alama a inda suka tsaya ba, amma layin dattin da robar ta bari a ƙasan gilashi ya nuna mini mazauninsu na asali, sai na manna salatif a kan layin. Na cire kan batir mara wuta, wato mai alamar ɗebewa. Wannan ba wasa ba ne: sandunan waifa suna da ƙarfin da za su murƙushe yatsa, kuma abin da ya maƙale yana iya kubcewa ba zato. Na shimfiɗa kwali a kan gilashi, saboda hannun waifa yana da sifirin mai ƙarfi, in ya faɗo babu roba a bakinsa, tsaga gilashi zai yi. Na ɓare ɗan murfin da ke kan noti, na kwance notin da sifana mai lamba 14. Hannun bai fito ba, kuma dama ba ya fitowa da sauƙi, domin kan shaf ɗin tsukakke ne mai ƙananan haƙora, hannun kuma na alminiyam ne, haƙoran sun nutse a cikinsa. Dabarar ita ce a tanƙwara hannun a gaɓarsa don sifirin ya daina ja, a riƙe gindin a riƙa jijjigawa sama da ƙasa a hankali. Ba a sa sukudireba a dogara da gilashi a ɓanɓara. Na hagu ya fito da wuri, na dama sai da na fesa masa man sassauta tsatsa na ba shi lokaci.

Murfin robar kilif-kilif ne ke riƙe da shi, rana ta gasa su har sun yi gautsi, biyu sun karye duk da lallaɓawa. Akwai kuma siririn tiyon ruwan wanke gilashi da ke bi ta jikinsa, sai an zare shi tukuna.

Abin da na tarar a ƙarƙashi ya ba ni rabin amsa. Kwarmin da injin ke zaune a ciki cike yake da busasshen ganyen darbejiya da 'ya'yanta, tunda a gindinta nake ajiye motar a ƙofar gida, ga ƙura ta taru ta zama laka ta bushe. A kowane gefe na kwarmin akwai kafar da ruwa ke bi ya zube ta bayan tayar gaba. Ta ɓangaren direba a toshe take ɗam. A jikin ƙarfen akwai layin da ruwa ya taɓa kwanciya ya bari, kuma layin ya kai gindin gidan shaf. Wato duk daminar bara shaf ɗin nan yana jiƙe, sannan rani ya zo ya zauna ba motsi.

Na mayar da kan batir na ɗan lokaci, na auna wutar da ke isa soket ɗin injin waifar alhali mota na aiki: kusan daidai da ta batir, bambancin bai taka kara ya karya ba. Na auna tsakanin jikin injin da kan batir mara wuta, nan ma babu asara. Da wayar jikin mota ta yi tsatsa, a nan mita za ta nuna, kuma da goge wurin ɗaurinta da sanfefa ya wadatar. Zancen wuta ya fita.

Yanzu sai gwajin da ya raba gardama, wanda nake ganin bai kamata a sayi komai ba kafin a yi shi. Na sake cire batir, na sa bakin sifana a ƙarƙashin sandar da ke haɗe da ɗan hannun injin, na ɓalle ta daga ƙwallonta. Injin ya zama shi kaɗai, ba ya jan komai. Na janye hannuna, na mayar da batir, na kunna. Sai ga shi yana zagayawa sumul, gudun farko daban, na biyu daban, na kashe ya je ya tsaya a mazauninsa. Injin da aka ce ya gaji ke nan. Na kashe komai na koma kan sandunan. Shaf na ɓangaren fasinja na juya shi da hannu, yana tafiya amma da nauyi. Na ɓangaren direba kuwa na sa hannu biyu ban iya gusar da shi ba. Gwajin nan bai ci minti goma ba. Da an ɗaura sabon inji a kan wannan shaf, da ya tura na ɗan lokaci da ƙarfin sabunta, sannan ya ƙone, ko ya ɓalle kofin roba, a sake cewa kayan yanzu ba su da ƙarko.

Noti uku masu lamba 10 ne ke riƙe da firam ɗin gaba ɗaya, inji da sanduna da shaf biyu. Na zare soket, na ɗaga shi ya fito a haɗe. A gida ba ni da matsi na ƙarfe da zan kafa shi, sai na sa shi a buhu na hau Adaidaita zuwa garejin wani dattijon bakanike da muka daɗe tare.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa Malam, sannu da zuwa. Yau kuma ba mota, sai kayan cikinta?"

Na zazzage masa, na faɗa masa abin da na gwada. Ya kama shaf ɗin ya murɗa, ya girgiza kai. Ya ce, "Jakinka lafiyarsa ƙalau, kaya aka labta masa. Ko sabon jaki ka sayo, in ba ka rage kayan ba shi ma durƙushewa zai yi." Ya ƙwala wa yaronsa kira ya kawo guduma da guntun katako da guntun bututu.

Akwai gajeriyar hanya da mutane ke bi, wato a fesa man sassauta tsatsa ta sama, a yi ta murɗawa har ya saki, a mayar. Tana fitar da mutum kunya in yana kan hanya. Amma man feshi ba giris ba ne, ruwa-ruwa ne, yana bushewa, tsatsar kuma tana nan ciki. Bayan 'yan makonni a koma gidan jiya. Baba ya ce tunda har an kwance, a fitar da shaf ɗin a ga idonsa.

A saman kowane shaf akwai hular roba, ƙarƙashinta ɗan kilif mai siffar zobe da ya shiga tsagi, sai washa, sai siririn zoben roba mai hana ruwa shiga. Na ɗauki hoto da waya kafin a taɓa, muka jera su a kan tsumma bi da bi yadda suka fito. Zoben robar na ɓangaren direba ya bushe ya tsattsage, yana taɓuwa ya marmashe. Ta nan ruwa da ƙura suka samu ƙofa. Yaron ya ɗiga man birki a bakin shaf ɗin, kamar yadda kanikawanmu suka saba. Yana ratsa tsatsa, amma yana cin fenti, don haka a ƙasa kawai ake wannan, ba a jikin mota ba. Muka bar shi ya jiƙa muka tafi sallar azahar.

Da muka dawo Baba ya mayar da notin a kan shaf har ya yi daidai da bakinsa. Wannan don kare zaren ne, domin in aka doki kan shaf tsirara zai baje, noti ba zai sake hawa ba. Ya ɗora gidan shaf ɗin a kan guntun bututun ta yadda bugun zai sauka a kan bakin gidan kawai, shaf kuma ya samu ramin da zai faɗa. Gidan na alminiyam ne, yana tsagewa in aka doke shi a karkace. Ya aza katako, ya fara bugu ƙanana. Yaron ya ce, "Oga, a kawo wuta a gasa shi?" Baba ya ce a'a, akwai roba kusa, kuma bushin ɗin zai lalace. Da shaf ɗin ya ɗan nutsa, sai ya juya shi ya buga ta ƙasa ya dawo, ya ƙara mai, ya kama gindin ya murɗa hagu da dama. Haka ya yi ta yi, gaba da baya, ba gaggawa, wani jan ruwa mai kauri yana tsattsafowa. Can sai ya cire notin ya sa siririn ƙarfe ya tura ragowar, shaf ya faɗo.

Rabinsa na sama ya yi jajir da tsatsa, ga wani busasshen abu da ya manne, haɗin tsohon giris da ƙura. A bakin gidan kuma akwai farin gari, wanda alminiyam ke yi in ya daɗe da ruwa kusa da baƙin ƙarfe. Garin nan yana kumbura ya matse bushin, bushin ya shaƙe shaf. Ko ɗigon maiƙo babu a ciki.

Gogewar ni na yi. Na yanki sanfefa mai laushi, lamba 400, na naɗe shaf ɗin ina ja ina juyawa har ya yi haske, na bi da mai lamba 800. Akwai 'yan ramuka da tsatsa ta ci waɗanda ba za su goge ba. Cikin bushin kuwa Baba ya hana ni matsa masa. Ya ce datti kawai za a cire, in aka ci jikinsa rami zai yi faɗi, shaf ya riƙa rawa, waifa ta riƙa dukan gefen gilashi. Na naɗa tsumma a sanda na tsoma a kananzir na yi ta zurawa har ya daina fitowa da launi, na kankare farin garin da bakin wuƙa. Muka gwada a bushe: shaf ya shiga, ɗan yatsa ɗaya ya juya shi. Sannan muka cika shi da giris mai litiyam, wanda ruwa ba ya wankewa da sauƙi, muka samo sabon zoben roba daidai girmansa a shagon da ke kusa, muka mayar da washa da kilif. Baƙin mai ba ya wannan aikin, tsiyayewa yake yi ya bar wurin a bushe. Ɗaya shaf ɗin ma muka yi masa haka, shi da ɗan bugu kaɗan ya fito. Kofunan robar sandunan duk muka wanke muka sa musu giris.

Tunda injin ya sha wahala, na so a leƙa cikinsa. Murfin gidan faifan da sukurori aka ɗaure shi, ya buɗu ba matsala. Tsohon giris ya daskare ya koma gefe, haƙoran suna tafiya kusan a bushe, amma babu wanda ya karye. Muka kwashe, muka sa sabo a kan haƙora, muka goge zanen tagullar da tsumma mai tsabta. Na shinshina ɓangaren wayoyin, babu ƙaurin ƙuna. Baba ya ce a bar wannan ɓangaren a rufe tunda yana gudu daidai, domin mayar da kabon uku a mazauninsu yayin da maganaɗisu ke fizgar ƙarfen aiki ne da ke ɓata lafiyayyen inji.

Kafin in mayar da firam ɗin na kwashe dattin kwarmin tas, na zura waya mai laushi a kafofin ruwan, na zuba bokiti guda na ga ya zubo ta bayan tayoyin biyu.

Wurin mayarwa akwai tsari, in aka saɓa shi waifa za ta fara da nutsawa ƙasa ta daki bonet maimakon ta hau. Na ɗaure firam, na haɗa soket, na mayar da batir, na kunna na kashe, na bar injin ya je ya tsaya da kansa. Ban ɗora hannaye ba tukuna. Na manna guntun salatif a kan kowane shaf ya zama 'yar tuta, na sake kunnawa ina kallo: tutocin suka tafi sama suka dawo tare, suka tsaya inda suka tashi. Sai na mayar da murfi da tiyonsa, na ɗora hannayen daidai kan alamar da na yi a gilashi, na ɗaure noti da ƙarfi amma ban wuce kima ba. Na jiƙa gilashin sosai na kunna. Gudun farko na yanzu ya fi gudu na biyu na bara, kuma ƙarar da na daɗe ina ɗauka ta al'ada ce ta ɓace.

Robobin ma na sauya su, don rana ta busar da bakinsu suna barin zane. A ƙasarmu da wuya roba ta wuce shekara guda tana shara da kyau, kuma lokacin sauya ta shi ne gab da faɗuwar damina. Da inci ake auna su, ta direba ta fi ta fasinja tsawo a yawancin motoci, don haka tsofaffin na kai aka gwada. Tankin ruwan wanke gilashi na tarar da guntun garin sabulu ya kwanta a gindinsa, irin wanda masu wankin mota ke zubawa da kyakkyawar niyya. Yana toshe ragar famfo da ƙananan kafofin feshi. Na wanke tankin, na sa allura na buɗe kafofin, na daidaita su suna bugun tsakiyar gilashi.

Ƙurar hunturun nan da iska ke kwasowa daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, laushinta ya sa babu kafar da ba ta shiga, kuma akwai ƙwayoyin yashi a ciki da suka fi gilashi tauri. Wanda ke kunna waifa a kan busasshiyar ƙura da safe yana kankare gilashinsa ne, shi ya sa tsofaffin motocinmu ke da zane mai lanƙwasa da ke walwali da dare in fitilar wani ta haska. Amma barin waifar ba motsi wata bakwai shi ma illa ne. Abin da nake yi yanzu shi ne duk ranar wankin mota, bayan an ɗauraye gilashi yana jiƙe, sai in kunna ta ta yi 'yan zagaye, giris ya motsa. Ganyen darbejiya kuma ina share shi daga kan ragar kafin ya samu hanyar shiga.

Saura abu ɗaya. Ramukan da tsatsa ta bari a shaf na ɓangaren direba za su riƙa cin zoben roba a hankali. Baba ya ce in sake buɗewa in ƙara giris kowace bazara, ko kuma in nemi wani firam ɗin na hannu in na samu sarari, ba tare da inji ba, tunda nawa yana da sauran rai. Ya ja kunnena da abu biyu. Na farko, in murɗa kowane shaf da hannuna a gaban mai sayarwa, in kuma jijjiga shi in ji ko yana rawa, don kayan da suka daɗe a tare a fili su ma suna shan ruwa. Na biyu, in lura da ɓangare. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motocinmu sitiyarinsu a hagu yake, amma cikin kayan gyaran da ake shigowa da su akwai waɗanda aka ciro daga motocin Japan ko Ingila masu sitiyari a dama. Firam ɗinsu a juye yake, ko da ƙirar motar ɗaya ce ba zai zauna ba. Don haka ranar da zan shiga Ƙofar Ruwa, nawa zan kwance in tafi da shi, a ajiye su gefe da gefe a gwada ramukan noti da tsawon sanduna kafin in biya.